Sauya Haɗin Kwayil na Janareta Don Canza Volt: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu tambayar ko za a iya canza volt ɗin janareta kashi biyu ne. Akwai wanda ya sayi janareta tokumbo ɗan Amurka, ko ɗan'uwa ya sako masa a kwantena, ya buɗe ya tarar soket ɗinsa na volt 120 ne, alhali wutar Najeriya 230 ce, ta Nijar 220. Akwai kuma mai injin aiki na 110 da yake so janaretansa na 230 ya ɗauke shi. Amsoshin nan sun shafi ƙananan janaretocin fetur na gida da shago, daga wat 650 zuwa kamar wat 8000.

Da gaske ana iya canza volt ba tare da an sake naɗa kwayil ba?

Ana iyawa, in dai sitato, wato ɓangaren da ba ya juyawa, yana da manyan kwayil biyu da bakunansu huɗu suka fito waje. Haka aka ƙera janaretocin Amurka masu rubutun 120/240. Kowane kwayil yana ba da volt 120 shi kaɗai. In aka haɗa su siris, ƙarshen na farko da farkon na biyu, kamar batir biyu a cikin tocila, sai su ba da 240. In aka haɗa su faralel, farko da farko, ƙarshe da ƙarshe, sai su tsaya a 120 amma amfiya ta ninka. Wasu manyan samfuran Honda suna zuwa da makunnin zaɓen volt a gaba, kuma wannan sauyin haɗin ne kawai makunnin yake yi.

Janaretocin China masu 230 da suka cika kasuwa, da yawansu ma kwayil biyu ne na 115 da aka haɗa siris tun daga masana'anta. Saboda haka aikin farko shi ne cire murfin baya a ƙirga wayoyi. Kada a yanke komai kafin wannan.

Idan volt ya ninka, ƙarfin janareta zai ninka?

A'a. Wat na fitowa ne daga injin da ke juya roto, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin sitato, kuma injin bai canza ba. Janareta mai wat 5000 yana ba da amfiya 41.7 a volt 120, ko amfiya 20.8 a volt 240. A dukkan haɗin biyu, kowane kwayil amfiya 20.8 yake ɗauka. Duk mai gyaran da ya ce zai sauya haɗi ya mayar maka da kilowat 2 zuwa 4, ka ɗauki janaretanka ka yi gaba.

Ta yaya zan gane wayoyin babban kwayil a cikin tarin wayoyin baya?

Kashe inji, cire hular fulogi, sannan ka ɗauki hoton bayan janaretan da wayarka kafin ka taɓa ko ɗaya. Wayoyin da ke fitowa daga sitato yawanci iri huɗu ne. Masu kauri da ke zuwa kan sandar haɗi ko bireka su ne na babban kwayil. Akwai siraran biyu na kwayil mai ciyar da AVR, wato na'urar da ke daidaita volt da kanta, wasu biyu da AVR ke jin volt da su, sai kuma biyu da ke zuwa diyod na cajin batir mai volt 12.

Kwance masu kaurin daga inda aka ɗaure su, kowace ta tsaya ita kaɗai, sannan ka sa maltimita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta. Duk biyun da suka nuna haɗi, kwayil ɗaya ne. A janareta mai kilowat 5 za ka ga ƙasa da om ɗaya, a ƙanana kuma om ɗaya zuwa uku. Kwayil biyun dole su nuna lamba kusan ɗaya, kuma kada a sami haɗi tsakaninsu ko tsakanin ɗayansu da jikin ƙarfe. Sa musu lamba da tef: 1 da 2 na kwayil na farko, 3 da 4 na biyu. Kada ka dogara da launin waya, kowane kamfani da nasa tsarin, ga shi kuma wani mai gyara ya iya riga ka shiga wurin.

In waya uku ka gani maimakon huɗu, an haɗa tsakiyar tun a ciki. Ana samun mahaɗar a ƙarƙashin zaren da aka ɗaure kan kwayil da shi, cikin bututun insuleshan. Ana iya raba ta, amma banish ya riga ya bushe a wurin, in aka fizga da ƙarfi fatar waya kan tsage.

Mene ne matakan haɗin siris?

Maltimita a ma'aunin om ba za ta nuna maka wane baki ne farko wane ne ƙarshe ba, sai inji yana juyawa ake ganewa. Hanya mafi aminci ita ce gwaji da ƙaramar wuta. A janareta mai buroshi, wato 'yan gawayin da ke goga zobban roto su kai masa wuta, cire wayoyin AVR biyu daga kan buroshi, ka lura da wadda ke kan alamar +. Tayar da inji, ka ba buroshin volt 12 daga batir ta hanyar fiyus na amfiya 2 ko 3, + a kan +. Kowane kwayil zai ba da 'yan gomomin volt kawai, waɗanda suka isa awo.

Auna 1 da 2, auna 3 da 4, su zo daidai. Kashe inji, haɗa 2 da 3, sake tayarwa, ka auna tsakanin 1 da 4. In ka ga ninkin abin da kwayil ɗaya ya bayar, haɗi ya yi. In ka ga kusan sifili, kwayil biyun suna ture juna ne, sai ka kwance ka haɗa 2 da 4, fitarwa ta koma 1 da 3. Kuskure a siris ba ya ƙona komai, wuta ce kawai ba za ta fito ba.

Faralel fa, don komawa 120 ko 115?

Nan kuskure ke cin kwayil. In aka juya baki ɗaya, an yi gajeren haɗi a kan volt 240 ta cikin wayar da juriyarta ba ta kai om ɗaya ba, kuma babu bireka a tsakani domin haɗin yana bayanta. Inji zai yi nishi kamar zai mutu, cikin daƙiƙu warin banish ya tashi.

Don haka a haɗa ɓangare ɗaya tukuna. Haɗa 1 da 3 kawai, bar 2 da 4 a sake, tayar da inji da volt 12 ɗin nan, ka auna tsakanin 2 da 4. Sifili ko abin da bai kai volt ɗaya ba ake nema, sannan a kashe inji a haɗa su. In ninki ya fito, a sauya, a haɗa 1 da 4 a auna tsakanin 2 da 3. In kuwa bambancin ya tsaya a volt uku ko huɗu, kwayil biyun ba daidai suke ba, wataƙila ɗaya ya fara cin kansa ta ciki. Irin waɗannan ba a haɗa su faralel, domin wuta za ta riƙa zagayawa tsakaninsu, janareta ya yi zafi ko da ba a jona masa komai ba.

Nawa yana da soket na 240 tun daga Amurka. Me zai hana in jona shi gida kai tsaye?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan. Volt 240 na Amurka da 230 namu ba tsari ɗaya ba ne. Namu layif ɗaya ce mai 230, da nutural da ke daidai da ƙasa. Nasu layif biyu ne, kowace 120 take idan aka auna da ƙasa, nutural kuma tana tsakiyar kwayil biyun. A janaretoci da yawa an ɗaure wannan tsakiyar da jikin ƙarfe da 'yar gajeriyar waya.

In ka ɗauki layif biyun ka kai gida, wayar da gidan ya sani a matsayin nutural ta zama mai ɗauke da volt 120. Makunnan bango da birekokin gida layif kawai suke yankewa. Mutum zai kashe fitila ya hau kujera canza ƙwai, wuta ta ja shi. In kuma an haɗa nutural ɗin gidan da ƙasa a wani wuri, aka kuma kai jikin janareta ƙasa, to an rufe kwayil ɗaya gajeren haɗi ta nan.

Gyaran shi ne a cire wayar da ta ɗaure tsakiya da jiki. Mahaɗar 2 da 3 a rufe ta da insuleshan, ta zauna ita kaɗai ba ta zuwa ko'ina. Sannan a zaɓi baki ɗaya, a ce 4, ya zama nutural, a ɗaure shi da jikin janareta, jikin kuma a kai shi sandar ƙasa. Baki na 1 shi ne layif, shi zai bi ta bireka. Duk abin da a da ke shan 120 daga tsakiyar, kamar soket masu GFCI, wato masu yanke wuta da kansu in ta zurara, fitilar alama, agogon ƙirga awa da na'urar rage gudu in babu kaya, a cire shi ko a tabbatar har yanzu kwayil ɗaya kaɗai yake gani. Shiga gida kuma sai ta canji-oba mai yanke layif da nutural gaba ɗaya. Ba a tura wutar janareta ta soket ɗin bango, domin tana fita kan layin NEPA ta sami wanda ke aiki a kan fal.

Sauya haɗi zai mayar da 60 Hz zuwa 50?

Ko kaɗan. Hz shi ne yawan kai da komon wuta a daƙiƙa ɗaya, ta Amurka 60 ce tamu 50, kuma gudun inji ne ke yanke shi. Roto mai kan maganaɗisu biyu yana juyi 3600 a minti ya ba da 60 Hz, ko 3000 ya ba da 50.

Kayan gida da yawa ba ruwansu da bambancin. Duba bayan cajar waya, laftof ko talabijin ta zamani, za ka ga an rubuta 100-240V, 50/60Hz. Dutsen guga da hita ma ba ruwansu da Hz. Matsalar tana wurin masu mota, wato injin lantarki mai juyawa. Motar da aka yi don 50 Hz za ta ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari. A fanka abin da sauƙi. A famfon ruwa mai farfela kuwa, ƙarfin da yake nema yana hawa fiye da gudun, 1.2 sau 1.2 sau 1.2, wato kusan ninki 1.7, shi ya sa famfon burtsatse ke zafi ya yi ta yankewa a kan irin wannan janareta. Firiji da AC a duba farantinsu, in 50 Hz kaɗai aka rubuta kada a mayar da 60 abincinsu na kullum.

To in rage gudun injin zuwa 3000 mana?

Ana yi, da sukurun da ke jan sifirin na gwamna, wato na'urar da ke riƙe gudun inji. Sa maltimita mai auna Hz, ka saita kusan 52 in babu kaya, domin in kaya ya hau zai sauko wajen 50. Amma akwai farashi uku. Ƙarfin inji zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, mai wat 5000 ya koma wajen 4200. Fankar sanyaya kwayil tana kan sandar roto, ita ma ta rage iska. Na uku, volt yana bin gudu: 240 sau 50 raba 60 ya zama 200.

AVR zai yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar tura wa roto ƙarin wuta. Don a sami 230 a 50 Hz, ana neman maganaɗisun da ya fi na asali da kashi 15 cikin ɗari, ƙarfen kuma yana da iyakar abin da yake ɗauka. Sakamakon shi ne roto mai zafi da AVR mai mutuwa akai-akai, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Abin da ya fi hankali shi ne a sassauta sukurun AVR a tsaya tsakanin 210 da 220. Kayan gida suna aiki lafiya a haka. Wanda ya nace sai 230 cif a 50 Hz, sake naɗi ne maganinsa.

Sai na canza AVR?

Ya danganta da inda yake jin volt. A janaretocin China da yawa, wayoyin jin suna fitowa ne daga wani ɗan reshe a cikin kwayil ɗaya, don haka siris ko faralel duk ɗaya ne a wurinsa. In kuwa a bakin fitarwa aka jona su, akwai aiki. AVR da ya saba ganin 240 aka ba shi 120 zai ɗauka wuta ta yi ƙasa, ya buɗe wa roto iya ƙarfinsa, volt ya haura ya ƙona kaya. Wanda ya saba da 120 aka ba shi 240 yakan mutu nan take. A bi wayoyin da ido har tushensu, a tabbatar abin da suke gani bayan aiki shi ne abin da suke gani a da.

Ɗan sukurun da ke bayan AVR na daidaitawa ne kaɗan sama ko ƙasa. Ba zai kai 120 zuwa 230 ba. Wajen saye, na kilowat 2 zuwa 3 yawanci yana ɗauke da kafasita mai 220 µF, na kilowat 5 kuma 470 µF, kada a sa ƙaramin a babban janareta don kawai filoginsa ya shiga.

Nawa ba shi da buroshi ba shi da AVR, kafasita ce kawai.

Irin su Tiger TG950 ke nan da danginsa. A nan kafasitar da gudun inji su ke riƙe volt. Ƙara girman kafasita yana ɗaga volt kaɗan, ragewa yana saukar da shi, amma 'yan volt ne, kuma in aka zarce kwayil ɗin kafasitar ne ke ƙonewa. Sai an sa mai jure wutar AC ta volt 350 ko 450. Irin wannan janareta ba ya son a rage masa gudu, wuta kan faɗi warwas. Kafin a taɓa kafasita a sauke cajinta, tana riƙe wuta bayan an kashe inji. Gwajin bakuna a nan da cikakken volt ake yinsa, don haka a maƙala wayoyin maltimita kafin a tayar da inji, hannu ya nisanci wurin.

Waya biyu kawai na gani. Shi ke nan?

Duba kan kwayil da kyau tukuna. Wani lokaci rukuni biyu ne aka haɗa faralel a ciki, sai a raba su a mayar siris. In kwayil ɗaya ne tilo, saura taransifoma ko sake naɗi. Janaretocin Japan masu volt 100 su ma nan suke faɗawa, domin ko an sami kwayil biyu, 200 za su bayar.

Lissafin naɗi ba shi da wuya. Yawan zagayen waya yana bin volt, kaurinta yana bin amfiya. Daga 120 zuwa 240 a gudu ɗaya, zagaye ya ninka, faɗin cikin waya ya koma rabi. Daga 120 a 60 Hz zuwa 230 a 50 Hz, lissafin shi ne 230 raba 120, sau 60 raba 50, wato 2.3. Inda aka ƙirga zagaye 10 sai a sa 23. In tsohuwar waya geji 16 ce a ma'aunin SWG, kaurinta milimita 1.63, faɗin cikinta kusan murabba'in milimita 2.08, raba da 2.3 ya ba da 0.90. Geji 19 tana da 0.81, geji 18 tana da 1.17. In ramin ya ɗauki 18 ita ta fi, in bai ɗauka ba a sa 19 a rage kayan da ake ɗora wa janaretan. Daga 240 a 60 Hz zuwa 230 a 50 Hz kuwa, ƙarin kashi 15 ne kawai.

Abin da masu naɗi ke yawan mantawa shi ne kwayil mai ciyar da AVR. In gudu bai canza ba, a kwafe shi yadda yake. In an sauko 3000, shi ma a ƙara masa zagaye da kashi 20. Kafin a yanke tsohon naɗi a zana taswira: yawan ramuka, daga wane rami zuwa wane kowane rukuni ya tsallaka, zagaye nawa a kowanne, da ta ina aka juya. Zagayen ba ɗaya ba ne a duk ramuka, kuma wanda ya daidaita su don sauƙi zai sami wuta mai sa fanka ƙugi. A auna kaurin waya da maikiromita bayan an ƙone fatarta. A sa sabuwar takardar insuleshan a kowane rami, a ɗaure kawuna da zare, a jiƙa da banish a gasa har ya bushe ciki da waje. Waya mai aji F tana jure zafin digiri 155, mai aji H 180. Kafin a mayar da sitato a gwada da mega, wato mitar auna insuleshan, mai volt 500 tsakanin kwayil da ƙarfe. Ƙasa da megom ɗaya ba a karɓa, sabon naɗi mai kyau kuma yakan wuce haka nesa.

Ta yaya zan san tagulla aka sa mini ba alminiyam ba?

Kankare bakin waya da wuƙa. Tagulla ja ce har ciki, alminiyam mai fenti kuwa fari zai bayyana, kuma ba shi da nauyi a hannu. Yana wuce wuta kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da tagulla mai kauri ɗaya ke wucewa, don haka in aka sa shi a gejin tagulla sai zafi. In janaretan da alminiyam ya zo tun asali, dalmar soda ta yau da kullum ba ta kama shi, sai matsewa da kilif, kuma mahaɗar da ba ta matsu ba ita ce ke fara baƙi.

Janareta mai inbata, irin Honda EU2200i, fa?

Kada a taɓa kwayil ɗinsa. Wutar da yake samarwa ana mayar da ita DC, sannan allon lantarki ya ƙera volt da Hz ɗin da aka tsara masa. Sauya haɗi allon kawai zai kashe, kuma shi ne mafi tsada a jikinsa. A sa taransifoma mai ɗaga 120 zuwa 230 da ta fi ƙarfin janaretan da kamar kashi 25 cikin ɗari. Hz zai zauna a 60.

Bireka, soket da waya za su zauna yadda suke?

Bireka kwayil take karewa, don haka a siris ta bi amfiyar kwayil ɗaya. Mai wat 5000 bireka ta amfiya 20 yake so. In aka bar ta amfiya 40 da ta dace da 120, kwayil zai ƙone bireka tana kallo. Soket ɗin Amurka a cire su duka, kada wani ya zo ya soka kayan 120 a 230. Soket mai ƙafa uku na amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3000, abin da ya wuce haka sai shuɗin soket na masana'antu mai amfiya 32 da waya mai faɗin ciki murabba'in milimita 4. Wanda ya koma faralel kuwa amfiya ta ninka, faɗin cikin wayar fitarwa ya kai murabba'in milimita 6 zuwa 10 a janareta mai kilowat 5. A canza agogon volt na gaba, a kuma rubuta sabon volt da fenti a jiki.

Na gama haɗi, inji na tafiya amma babu wuta.

Fara da bakuna, wataƙila siris ɗin a juye yake. Sai filogin AVR da buroshi, a duba ba a juya + da − ba. Auna roto ta kan zobbansa biyu, yawanci om 40 zuwa 70 ake gani, in babu haɗi sam wayarsa ta tsinke. In duk wannan lafiya, ragowar maganaɗisun roto ne ya gudu, abin da kan faru da janaretan da ya daɗe a ajiye ko aka kashe shi da kaya a kai. Cire AVR, ba buroshi volt 12 na daƙiƙa biyu ko uku, + a kan +, sannan ka mayar.

Wane gwaji ya kamata a yi kafin a kai shi gida?

A waje ake yi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji warin gubar ba. Auna volt da Hz babu kaya. Sannan a ɗora kaya masu juriya irin dutsen guga da hita, rubu'i, rabi, har kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, ana duba amfiya da mita mai maƙalawa. Volt kada ya faɗi fiye da kashi 10 cikin ɗari, Hz kada ya sauka ƙasa da 49 a wanda aka saita don 50. A bar shi minti 30, a kashe, a taɓa kowace mahaɗa. Wadda ta fi saura zafi ba ta ɗauru ba, a kwance ta a sake matsewa. Talabijin da firiji sai bayan ya ci wannan gwajin.